Ƙwayar Gero a Wayar Rabo

Shekara huɗu cur, duk tsohuwar da ke son ganin fuskar ɗanta da ya tafi ci-rani, a ƙauyen nan na gabas da Tajaye, ƙofar gidan Illo take zuwa. Shi kaɗai ke da wayar kiran bidiyo, shi kaɗai kuma ya san gindin itacen bedin da rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa sosai. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya shimfiɗa tabarma, mata su jeru, wannan da goro, waccan da ƙwaryar fura. Ba kuɗi yake karɓa ba. Abin da yake ci ya fi kuɗi daɗi: shi ke fara jin an haihu a Abijan, shi ake tambaya ko wane ya rame ne ko kuwa hoto ne. Ko maigari in ya gan shi sai ya ce, Illo mai waya.

Ana cikin haka, da kaka, sai ga Rabo ya dawo. Rabo ɗan kawun Illo ne, taubashinsa, tun suna yara ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shekara uku yana gasa nama a Abijan, amma bai zo da babur ba, bai zo da kwanon rufin ɗaki ba, sai wata waya da ake buɗewa kamar littafi. A rufe ba ta wuce tafin hannu ba, a buɗe kuwa ta ninka ta Illo faɗi. Da aka matsa masa ya faɗi kuɗinta, ya ce jikka ɗari bakwai na sefa, kuma ta hannu ce.

"Bijimai biyu ka ninke ka sa aljihu, taubashi," in ji Illo. Kowa ya yi dariya, har shi Rabon. Amma dariyar Illo iyakarta haƙori.

Juma'a ta farko mata uku suka koma wajen Rabo. Ta biyu, Illo ya shimfiɗa tabarma, babu wanda ya zo sai awakin maƙwabta. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mahaifiyarsa, Inna Tsahara. Yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ashe duk shekarun nan da take riƙe wayarsa tana cewa ta ga ɗiyarta Sakina da ke aure a Abijan, faɗa kawai take don kada ɗanta ya ji ba daɗi. Ranar da Rabo ya buɗe mata tasa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa Sakina ashe haka ta yi ƙiba, ashe giɓin haƙorinta na nan. Ta yi kuka, mata suka taya ta. Illo yana tsaye bayan darni yana ji, ba wanda ya ko waiwaye shi.

Ranar kasuwar Konni ya je wajen Lurwanu mai gyaran waya, wai batir zai duba. Cikin hira ya jefo zancen waya mai ninkewa. Lurwanu ya ce ai abin ado ce, fuskarta ta ciki taushi gare ta kamar leda, in aka rufe ta da wani abu mai tauri a ciki, ko tsakuwa ce guda, to ta tafi ke nan. Sauya fuskar kuma ya fi kuɗin jaki da amalankensa, sai an aiko da ita daga Kano. Illo ya dawo gida da fara'a, har ya sayo wa Inna ƙosai.

Daga nan ya zauna jira. Ya bi majalisa-majalisa yana cewa wagga waya ba ta kai rani, garinmu ba Abijan ba ne. To, sai wayar ta ƙi mutuwa. Rabo lallaɓa ta yake, ya hura mata iska kafin ya rufe, ya naɗe ta cikin ƙyalle. Kullum Illo ya gan ta tana haske, sai tuwo ya fita ransa.

Wata Alhamis Sakina ta haifi mace. Washegari Rabo zai tafi gonar nesa kwaso dammunan gero, ga shi mata za su zo kira. Sai ya iso ƙofar Illo, ya miƙa masa wayar cikin ƙyallenta.

"Duk garin nan kai ɗai na yarda ka riƙa mini ita," in ji shi. "Kai ka san waya."

Inna Tsahara ta zo daga wajen sussuka, ko ɗankwalinta ba ta kakkaɓe ba don ɗoki. Aka samu Sakina, aka yi barka, amma kafin a ɗauko jaririyar daga wanka rezo ya ɗauke. Aka sake gwadawa har sau uku, shiru. Inna ta ce ba komai, ranar suna ta ga jikarta da idonta, ta miƙa wa Illo wayar a buɗe, ta koma.

Nan ya ga ƙwayar gero guda, wadda ta faɗo daga ɗankwalin Inna, zaune daidai kan layin ninkin. Ya gan ta sarai, kada wani ya ce bai gani ba. Iskar baki ɗaya ta isa ta kore ta. Ya dubi hagu, ya dubi dama, matan duk sun watse. Ya haɗa wayar ya rufe, ya ƙara dannawa da yatsa. Ƙarar da ta yi ko kaza ba za ta ji ba.

Da la'asar Rabo ya dawo ya buɗe, geron ya faɗi ƙasa bai ko lura ba. Wani baƙin ɗigo ne a tsakiya kamar an ɗiga tawada. Kafin gari ya waye ɗigon ya malale ya cinye fuskar duka. Sai 'yar fuskar waje ta rage, siririya, ko ta Illo ta fi ta faɗi. Rabo ya je Konni, ya ji kuɗin gyara, ya dawo jiki a sanyaye. Bai zargi kowa ba. Ya ce wa Illo ai ya sha faɗa masa, shi ne bai ji ba, sai kuma in Allah ya kai shi wani ci-ranin. Illo ya so ya yi masa tsiya irin ta taubasai, amma sai ya kawo wani zance.

Ranar suna tabarmar Illo ta cika har aka aro ta biyu. Goro ya dawo, fura ta dawo. Maigari ya wuce ya ɗaga hannu ya ce, Illo mai waya. Aka kira Abijan, rezo ya kama tas, Sakina ta ɗago jaririyar ta ce an sa mata Tsahara.

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Ta kawo ta kusa da ido, ta nisantar, ta juya baya ga rana, ta goge gilashin da bakin zanenta. Matan na jiran ta yi magana. Wannan karon ba ta ce ta gani ba.

"Illo, idona bai kama ba," ta ce a hankali. "Duba mini. Da wa ta yi kama?"

Illo ya karɓa ya duba. Goshin Inna ne, kunnuwan Inna ne, babu abin da yarinyar ta bari. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

"Da ke, Inna."

Ta yi murmushi, ta sa babban yatsa tana shafa gilashin inda take zaton fuskar take.

"To, faɗa mini hancin," ta ce. "Kada ka bar komai."