Lotsawar Kunnen Garma

Kwana huɗu Murja tana fama da garmar shanun babanta a kwamfuta, har wuyanta ya ƙage. Ita ce mai zane a wani shagon ƙera kayan noma a Funtuwa. Garmar ta cinye har ana hango rana ta cikinta, maƙerin da ya yi ta ya rasu, ga ruwa ya sauka a garinsu Ƙarfi. In ba a ƙera wata a makon nan ba, baban nata Malam Sanda, mai shekara saba'in, da hannu zai yi huɗa.

Hanyoyin zanen biyu ne, da wadda ake kira sifilayin ta fara. A nan layuka ake ja su bi awo sak, sannan a shimfiɗa fuskar ƙarfen a kansu faci-faci, kamar ɗinkin ƙwarya. To, a hancin garmar, inda faci uku suka haɗu, sai tudu ya fito. Ta gyara nan, can ya karkace. Ga wata lotsawa a kunnen dama da ta ƙi ɓacewa. Kai, ta gaji!

Sai ta koma ɗaya hanyar, ta rarrabawa. Ta gina garmar da 'yan kusurwoyi, kwamfuta ta yi ta raba su ƙanana tana gogewa. Nan da nan abu ya fito sumul, ba tudu ba lotsawa. Bai bi awo daidai ba, amma wa zai lura? Ta miƙa aka ƙera.

Ran Asabar ta kai ta gona a bayan babur. Malam Sanda ya ɗaura wa shanu, suka ja. Ba su yi taku ashirin ba laka ta danƙare a kunnen dam, shanu suka tsaya suna haki. Ya kankare, suka ja, ta sake danƙarewa.

Ya tsuguna yana shafa ƙarfen da babban yatsa.

"Murja, ina lotsawar nan?"

"Na gyara ta, Baba. Ai dutse ne ya buge ta."

"Wane dutse? Da guduma aka yi ta, ina tsaye. Ita ke zubar da lakar gonar nan."

Lotsawar tana nan a zanen farko, wanda ta yi kwana uku tana zagi. Sake ƙira kuwa sai mako mai zuwa, kuma ƙasa ba za ta jira ba.

Bai yi mata faɗa ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Ya kwance shanun, ya ɗauki garmar hannu, ya tofa yawu a tafinsa, ya duƙa a kan kunyar farko.