Daɓen Inna Maryama a Filin Tsere

Mijina Illo ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abu ɗaya Allah ya jarabce shi da shi, wato tseren babur a kan ƙasa, wanda Turawa ke kira speedway. Babura huɗu ne marasa birki suke zagaya wani fili mai siffar ƙwai. In sun zo kwana sai su karkata, su ja ƙafa ɗaya a ƙasa, tayar baya tana watsa wa 'yan kallo jar ƙasa a fuska. Saboda wannan watsin Illo ke barin gidanmu a Bobigny, a gefen Paris, ya yi tafiyar rabin yini zuwa wani ƙauye a bayan Lyon, ya dawo mini da riga kamar ta mai kwaɓin ƙasar gini.

Na daɗe da daina yi masa tsiya a kan haka, don na san asalin abin. Shekarar da ya zo karatu Lyon daga Tahoua ta Nijar, sanyi da kaɗaici sun kusa mayar da shi gida. Wani maƙwabcinsa, tsohon ɗan tsere mai suna Pierre, shi ya ja shi zuwa filin wata Lahadi. Illo ya ce ranar ce ya fara jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun barinsa gida, kuma ranar ce ya fara ɗaga murya a ƙasar nan ba wanda ya juyo ya harare shi. Tun daga nan yake da wurin tsayuwarsa a kwana ta biyu, bayan katangar katako.

To bana sai abin ya lalace. Shugaban kulob ɗin tseren, Guillaume, irin mutanen nan ne da ko tsintsiya ba sa ba wani ya riƙe musu. Makullai duka suna aljihunsa, shawara duka tana cikinsa. Tun da sanyi ya wuce ba a yi tsere ko ɗaya ba. A sa rana, mutane su taso daga nesa, sai sun iso su tarar da ƙofa a rufe. Ana cikin haka ofishin magajin gari ya ce in ba a yi tsere kafin ƙarshen watan Yuni ba, zai karɓe filin a gina ɗakin ajiyar kaya.

Abinci ya daina yi wa Illo daɗi. "Mutumen ga ya kashe muna kulob," shi ne zancensa safe da yamma.

Na ce masa, "Baban Safi, ni kake ma faɗa ko Guillaume? Ga hanyar Lyon can, ba ta ƙaura ba."

Ya kuwa tafi taron 'yan kulob. A can Guillaume ya ce kwanonin filin biyu duk ramuka ne, kuma ba shi da mutanen da za su gyara. Illo ya miƙe ya ce shi zai kawo mutane. Guillaume ya yi wata 'yar dariya ya wuce zuwa wata magana. Dariyar nan ita ta ƙarasa tunzura mijina. Da ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Gayya za ni kira."

Da gaske yake. Ya bi unguwar Barbès ta Paris shago-shago, ya samu Bouba, ɗan Kamaru mai gyaran waya, wanda ke da babbar motar ɗaukar kaya. Sannan ya sa babbar riga ya tafi Clichy-sous-Bois gaida Inna Maryama, yayar mahaifiyata, wadda in ta buga waya ɗaya mata ashirin ke ɗaura ɗankwali. Surukarsa ce, don haka tun da muka yi aure bai taɓa haɗa ido da ita ba.

"Moto babu birki?" in ji Inna. "Wace irin wauta ce wagga? Bon. Ba a ƙin gayya. Muna tahe."

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Yuni muka tashi bayan sallar asuba, da tukwanen dambu da jarkokin zoɓo. Washegari Lahadi ce ranar tseren, in an yi shi. Mun tarar Guillaume ba ya nan, wai ya shiga Lyon. Madeleine, dattijuwar da ke sayar da kofi a ranakun tsere, ita ta buɗe mana ƙofa da wani makulli da ta ɓoye shekaru. Ita ma abin ya kai mata wuya.

Illo ya raba aiki. Mu mata mu tsince duwatsu mu cike ramuka, su maza su tafi da motar Bouba su kwaso jar ƙasa su gyara katangar katako a ɗaya gefen. Kafin a jima mun cike ramukan. Inna Maryama ta tsaya, hannu a ƙugu, ta taka ƙasar da ƙafa, ta ga tana nutsewa.

"Wannan ai rabin aiki ne," ta ce. "Ƙasa sako-sako haka? Ɗiyan mutane su hau moto bisa wannan? Ku kawo ruwa."

Nan take ta sa aka ɓaɓɓalle wasu tsofaffin katakai da ke jibge bayan rumfar 'yan kallo, kowace mace ta samu madaɓinta. Aka ja tiyo aka yayyafa ruwa. Muka jeru a durƙushe, Inna ta ba da waƙa, muka amsa, muka shiga daɓe. Ba zan ɓoye ba, rabona da jin daɗi irin na ranar tun ina budurwa. Mata da suka shekara ashirin suna goge ofisoshin Paris a shiru, ga su suna buga ƙasa tare, sautin yana tashi tim, tim, tim, har Madeleine ta ajiye butar kofinta tana tafi. Rana ta yi ta duka, ƙasa ta yi ta kamawa. Kafin la'asar kwana ta farko ta yi sumul, ka rantse za a shimfiɗa wa amarya gado a kai.

Illo ya dawo da lodin ƙasa na ƙarshe muna kan ƙarasa kwana ta biyu. Na ga fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki, ya dubi Inna da zufa ke zuba mata, ya rufe. Ya rusuna ya ce, "Sannunku da aiki, Inna." Ya koma gefe yana murza hula a hannu, mu kuma muka ci gaba da bugu har muka gama.

Ba a jima ba Pierre ya zo da baburinsa don ya gwada filin. Ya taho a miƙe lafiya lau. Yana shiga kwana, yana karkatawa, sai baburin ya sulale daga ƙarƙashinsa kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu. Tsoho ya yi ta gungura har katanga. Muka yi salati baki ɗaya. Allah ya tsare, ya tashi yana ɗingishi, amma ba wanda ya sake yin dariya.

A daidai lokacin Guillaume ya iso. Na shirya jin ihu, sai mutumin ya tsuguna ya shafa daɓen da tafin hannu, ya karce shi da makulli, ko alama bai yi ba. Ya yi magana da Faransanci, a hankali. Ya ce taya tana bukatar ƙasa mai laushi a sama wadda za ta kama ta watsar, in babu ita babu tsere. Ya ce mai duba fili zai zo gobe da safe, kuma ba zai yarda ko keke ya hau wannan ba.

"To a fito da tarakta a karce shi," in ji Illo.

Guillaume ya kawar da kai. Sannan ya ce taraktar ta mutu tun cikin sanyi. Ya ɓoye ne don kada labari ya kai ofishin magajin gari a ce kulob ya gama yawo. Yau ma neman kayan gyaranta ya kai shi Lyon, bai samu ba. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Duk soke-soken nan da ƙofar da ake rufewa, taraktar ce.

"Da ka faɗa mana," Illo ya ce cikin fushi. "Wata nawa muna zaginka, kai kana zaune a kan magana ɗaya?" Ya ja numfashi. "Zurfi nawa ake so a karce?"

Guillaume ya nuna faɗin yatsu uku.

"Da hannu zai yiwu?"

"Ban taɓa ganin an yi ba."

"Yau za ka gani."

Faɗa da Bature mai sauƙi ne, mai wuyar tana zaune a inuwar rumfa tana shan zoɓo. A wurinmu ba a fasa wa mace daɓenta a ranar da ta yi shi, daidai yake da ka kifar mata da tuwo a gaban baƙi. Balle surukarka, balle a gaban matan da ita ta gayyato. Na ce masa, "Bari ni in gaya mata." Ya girgiza kai. Ya cire takalmi, ya je gabanta ya tsuguna, ya ɗago kai ya dube ta, abin da ban taɓa gani ba.

"Inna, aikin da kunka yi ya yi kyau, ban taɓa ganin daɓe kamarsa ba. Amma moto ba ta iya gudu bisa shi. In ba a hwasa shi ba yau, gobe babu course, babu tsere, kuma hilin ga ya tahi ke nan. Ina roƙonki."

Mata suka dubi juna. Wata ta dubi tafin hannunta da ya yi bororo. Inna ta ajiye kofi a hankali.

"Yaushe ka gane haka?"

"Tun da na dawo da la'asar, Inna."

"Muna cikin bugu ka gani. Mi ya hana ka magana?"

"Kunya, Inna."

"Kunya!" Ta nuna Guillaume da haɓa. "Kai da Baturen ga uwa ɗaya ta haife ku. Shi ya ɓoye tarakta, kai ka ɓoye baki, mu kuma hannuwanmu sunka biya." Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ƙara ɗaure zani. "Ba mai taɓa daɓena sai ni na fara. A ba ni abin sara."

Madeleine ta shiga ƙauye gida-gida tana aron fartanyar lambu da manjagara, masu kayan da dama suka biyo ta don su ga ikon Allah, suka ƙare da aiki. Inna ta ɗaga fartanya ta kai sara na farko a tsakiyar kwana ta biyu, daidai inda daɓen ya fi sheƙi. Na ji saran har cikin ƙirjina. Ta sake ba da waƙar ɗazu, amma wannan karon da zafi, muka amsa. Maza suna sara, mata suna farfasa ɓurɓushi, Pierre yana bin baya da ɗingishinsa yana auna zurfi da yatsu. Guillaume ya cire riga ya shiga layi kusa da Bouba, makullansa suna ta hana shi sunkuyawa, har ya ciro su ya miƙa wa Madeleine. Albarkacin ranar Yuni da ba ta saurin faɗuwa a ƙasar nan, muka gama kwana ɗaya kafin magariba. Muka kwana a rumfa da cikin motoci, da asuba muka afka wa ta biyu. Illo sara kawai yake, hannunsa ɗaure da tsumma.

Mai duba fili ya zo da hantsi. Ya zagaya, ya soka diddigen takalminsa a ƙasa nan da can, ya ɗebi ƙasar ya murza. Ya dubi mu, taron mata da ɗankwali da manjagara, ya dubi Guillaume. Ya ce a yi tsere.

Inna Maryama ta shiga motar Bouba ta fito da farin leshinta na zuwa biki. Na ce, "Inna, ki zauna can sama, nan ƙasa ke watsowa." Ta ce ita inda surukinta ke tsayawa za ta tsaya, ta ga abin da ya sa ya iya duban idonta.

Aka ɗaga igiyar farawa. Babura huɗu suka taho da ruri, suka wuce kwana ta farko, suka nufo mu. Na riƙe numfashi. Suka karkata gaba ɗaya, tayoyi suka kama, jar ƙasa ta taso ta rufe mu ruf. Ba wanda ya faɗi. Illo ya kama katanga da hannu biyu yana ihu, hawaye suna yin hanya a cikin ƙasar da ke fuskarsa, bai damu da wanda ke kallo ba.

Na juya na ga farin leshin Inna ya koma ja tun daga wuya har ƙasa. Na zaro gefen mayafina zan kakkaɓe mata, ta buge mini hannu.

"Bar ta," ta ce, idonta na kan babura suna sake tahowa. "Ni na daɓe ta, ni na hwasa ta. Ki matsa, kina tare mini."