Teburin Baba Mai Gajerun Ƙafafu

Tun da Baba ya faɗo daga babur a hanyar farauta, gwiwarsa ta dama ta daina lanƙwasuwa. Ya rataye bindigarsa, ya tura buhun kwanson harsasan da ya saba cikawa da hannunsa ƙarƙashin gado, ya koma zaman zaure ba um ba um-um.

Ghali, babban ɗansa da ke aikin turo wa 'yan kasuwa kaya daga kasuwar Tianxiu ta birnin Guangzhou a China, ya ce ya san maganin abin. Ya sa wani kafinta ɗan China ya haɗa teburin cika harsashi irin wanda yake gani a bidiyo: dogo, da kujera, da wurin ɗaure ma'auni da na jera kwanso. Ranar karɓa ya tafi da ƙanwarsa Saffana, wadda ta zo Guangzhou sarin mayafai. Saffana kuwa ko gaisuwa sai an tsuguna ake jin muryarta.

Suka kira Baba ta bidiyo. Ya dubi teburin, ya kau da kai.

"Allah ya yi albarka. Amma ku bar shi a can."

Ghali bai gane dalili ba. Saffana dai ta gane. Ita ce take kai masa ruwa yana aiki tun tana ƙarama, ba ta taɓa ganinsa a kujera ba. A kan buzu yake zama, komai a gabansa.

"Yaya, a rage ƙafafun," ta ce a hankali.

"Ke Saffana, teburin zamani za ki mayar akushi?"

Ta juya wajen kafintan, ta nuna ƙafafun, ta yi alamar zarto. Ya girgiza kai. "Meiyou, meiyou," wato ba zai yiwu ba.

Ta tattare abayarta ta zauna daɓas a ƙasa cikin garin katako, a gaban ma'aikatan shagon duka. Ta miƙe ƙafar dama sambal, ta naɗe ta hagu, ta ɗaga tafin hannu daidai cibiya.

"Laoban, nan," ta ce, wato maigida da yarensu, da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba.

Kafintan ya tsaya yana kallonta. Can ya tuntsire da dariya, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya durƙusa ya ja layi.

Da zarto ya yi shiru, aka turo mata teburin. Ƙafarta ta shige ƙarƙashinsa ba tare da ta taɓa komai ba. Da kanta ta karɓi wayar Ghali ta sake kira.

Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon.

"Wa ya auna ni?"

"Ni ce, Baba."

"To uwata, a mayar min da aljihun teburin zuwa hagu, kin san bahago ne ni. Kai kuma Ghali, ta jirgin sama za ka turo, kar ka sa min shi a ruwa."

Daga nan suka ji yana ƙwala wa Inna kira, wai a jawo masa buhun nan na ƙarƙashin gado.