Saƙon da Ya Toshe Layi

…678 kuma. Kullum wannan lamban kuskure kwamfuta yake nuna mini, 678. Wai can Kaduna ba a ɗauka ba. To wa zai ɗauka? Ƙarfe uku na rana, hadari ya haɗu ta wajen dutsen Kagoro, layin nan kuwa da ya ji ƙanshin ruwa sai ya kwanta. Na sake dannawa. Bari modem, ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin waya, ya yi ta kukansa, ni ina da abin yi.

Kai nake rubuta wa, Gershon. Yaya Gershon ya kamata in ce, ko? Shekara shida ban kira ba, bakina ya manta. Akwatin sama, inda ake sa adireshi, fari fat yake — babu inda wannan zai je. Shi ya sa ma nake iya rubutawa.

Yafet ne. Ƙaninka da ka bari a aji uku. Yanzu ni ne injiniyan coci, kar ka yi dariya. Babu wanda ya koya mini. Wani tsohon littafi na samu a bakin tashan jirgi, babu bango, shafi ashirin na farko an ƙunsa ƙosai da su. Daga ashirin da ɗaya na fara. Kwamfuta ɗaya, modem ɗaya, layin waya ɗaya, a ƙaramin ɗakin nan na bayan ofishin Rabaran Rufus, ni da gangunan 'yan birget masu fareti da ɓeraye.

Adireshin imel ma ɗaya ne. Ɗaya tak, na dukan ikilisiya, mutum ɗari huɗu da wani abu. Doka kuwa kowa ya sani: in za ka aiko, ka rubuta sunan mai saƙo a kai. Ni in sauke, in buga a takarda, in ninke. Ranan Lahadi bayan sanarwa sakatare ya yi ta kiran sunaye, mutane suna miƙewa suna gyara riga kamar sun ci jarrabawa. Shekara biyu ana kira. Mama ba ta taɓa miƙewa ba. Benci na uku, ɓangaren mata, ta karkata kunne har sakatare ya rufe fayil, sannan ta buɗe littafin waƙa kamar dama shi take nema…

676. Layi a cike. To, ai wannan ci gaba ne. Aƙalla akwai mai rai a can.

Naka ya shigo ranan Litinin, sati uku ke nan. Ban san naka ba ne. Bari in fara da haka. Ban san naka ba ne.

Ka san yadda saƙo yake sauka? Ina za ka sani, ku da kuke shiga kafe na intanet a Legas ku danna ku tashi. A nan bin layi suke yi, kamar mata a famfo. Sai na gaba ya gama kafin na baya ya matso. Saƙon mutane ɗan kofi ne, kilobait biyu, uku, gaisuwa da kuka da a gai da su Kaka. Naka megabait huɗu. Huɗu fa, Gershon! Ka zo famfon unguwa da tanka. Minti arba'in yake so kafin ya sauka, layin nan kuma tun da aka ja shi bai taɓa riƙe ashirin ba sai ranan da Allah ya ji tausayi.

Kashi sittin — ya yanke. A koma farko. Saba'in da biyu — an ɗauke wuta. A koma farko. Wata Alhamis har tamanin da tara. Na miƙe tsaye, na daina numfashi, ko fanka na kashe kar iska ya taɓa waya… sai na ji ta katanga: "Halo? Halo? Wane irin aljani ne yake kuka a nan?" Mama Fasto. Matan Rabaran ke nan, layinmu ɗaya da gidansu. Za ta kira ƙanwarta a Zonkwa ta tambayi yadda ake wani kek. Kek! Na rubuta takarda da manyan baƙi, KAR A ƊAGA, na manna mata a kan wayan. Ta ɓare ta kawo mini har nan, ta ce ba ta san ɗan Serah ya zama gwamna ba.

Kwana tara. Bayan naka talatin da ɗaya suna tsaye, ba gaba ba baya. Lahadi ya zo, sakatare ya buɗe fayil ya rufe, kowa ya juyo yana neman inda nake. Malama Hellen tana jiran takardan makarantan nas na 'yarta, ta tare ni a kasuwa gaban masu tumatur. Dattawa suka fara cewa ko a nemo wanda ya yi makarantan abin da gaske. Da gaske. Ni na wasa ne.

680. Babu ƙaran layi kwata-kwata. Mama Fasto ta ɗaga kuma. Ina jin ta… a'a, ta ajiye. Sake.

Sai na kira Oga Leonard, mutumin kamfanin intanet ɗinmu a Kaduna. Yana cin wani abu, ina ji. Ya ce wannan ai ba matsala ba ne, in shiga ta shafinsu, zan ga jerin saƙon duka tun ba su sauka ba, in sa alama a kan ƙaton, in goge. Hoton biki ne wani ya aiko, kullum haka suke yi. Na shiga. Na sa alama. Kwamfuta ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce e.

Minti huɗu, talatin da ɗayan nan suka zubo kamar an buɗe dam. Lahadi Malama Hellen ta yi guɗa a tsakiyan coci. Rabaran ya kira sunana daga kan bagadi. Aka tafa mini. Mama ma ta tafa — ka ji? Ta tafa.

Sai Lahadin da ya wuce. Ka tuna Jude, mai kayan babur a kasuwa? An tashi sujada, bakin ƙofa, mutane cike, ya riƙe hannun Mama da hannu biyu yana murna: "Mama, kin ga jikanki? Kansa kamar na Baba!" Mama ta ce wane jika. Ya ce ai ya haɗu da kai a tashan mota a Legas, kai da mata da yaro, ya rubuta maka adireshin coci a bayan risit, ka ce za ka aiko hoto a satin. Adireshinka fa? Bai karɓa ba, motansa yana tashi. Ka ce masa komai zai zo a imel.

Komai zai zo a imel.

Mama ta kama ƙofa. Ba ta faɗi ba. Ta juyo ta kalle ni, ba da fushi ba — da ma fushi ne — ta kalle ni kamar ni ne likita.

Jika, Gershon. Ka yi aure. Wa ya je maka tambaya? Wa ya zauna maka a kujeran uwa? Ka haifu, ka yi suna, ka saya masa takalmi, ka kai shi wajen mai hoto… duk wannan akwai lokaci. Na rubuta layi biyu ne babu.

Mama tana waje yanzu. A kan bencin da ke ƙarƙashin taga. 'Yan zumuntan mata suna can cikin coci suna koyon waƙa, ina jin tulu da kacau-kacau, ita ce mai ba da waƙa amma ta bar su. Da zanin zumunta a jikinta, da baƙin leda a cinya. Na san abin da ke ciki. Firam ne. Jiya ta saya, mai bakin zinariya, ta goge gilashin da bakin zani sau nawa ban ƙirga ba. Ta tambaye ni ko injin buga takardan nan yana fitar da kala. Na ce baƙi da fari ne. Ta ce ba komai, ita za ta gane.

Na gaya mata layi ne. Layi ne ya cinye. Ai kowa ya yarda da wannan, layi ba shi da baki.

691. Fasuwad ba daidai ba. Ni? Ni da nake buga shi ko ido rufe? Hannuna ne. Bari in goge zufa…

Litinin na sake kiran Oga Leonard. Ka san abin da ya ce? "Me ya sa ba ka rubuta adireshin ba kafin ka goge?" Shi da ya ce hoton biki ne. Ya ja tsaki, ya ce duk Juma'a suna kwafan komai a wani kaset, naka ya kwana Juma'a ɗaya a wajensu, in ba a kwafi wani abu a kan kaset ɗin ba wataƙila yana nan. Hoto ba zai turo ba, zai sake toshe ni. Adireshin kawai. Laraba. In ya samu zai rubuto, in bai samu ba ma zai rubuto.

Yau Laraba. Layi ɗaya na rubutu nake jira, shi ne duk wannan.

Rasuwan Baba ma mun jira ka. Kwana goma sha ɗaya yana kwance a ɗakin sanyi don ɗan fari bai zo ba. Sanarwa a rediyo sau uku. Mama tana cewa a ƙara kwana ɗaya, mota ne ya lalace masa a Lokoja. Wane mota? A Kagoma, bakin kabari, kawu ya kama hannuna ya zuba mini ƙasa a tafi, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "A madadin Gershon." Shekarana goma sha shida. Ƙasan yana da sanyi, akwai ƙananan tsakuwa. A madadin. Gonan citta, a madadin. Makaranta da na bari, a madadin. Kai Mama asibiti, gyaran rufi, zaman dangi… Ko ranan da aka tafa mini, da muka koma gida ta zuba mini tuwo ta ce, da yayanka yana nan da ya ji daɗi.

Wata uku ka ce fa. Ka ɗauki jakan Baba na reluwe, mai zif ɗin da ya mutu, ka ce wata uku in ka samu aiki a tashan jiragen ruwa za ka aiko in zo.

Yana ringin. Tsaya… kiiiii… shshshsh… wannan muryan na biyu, mai kauri, in ya fito to akwai —

ya mutu. 678.

To bari in faɗa. Babu adireshi a sama, babu mai karantawa.

Shafin nan na Oga Leonard, layi uku ne a tsaye. Girman saƙo. Abin da aka rubuta a kai. Da wanda ya aiko.

Na gani.

Sunanka ne, ƙananan baƙi, da wasu lambobi a baya. Na karanta sau biyu. Na tashi na fita, na sha ruwa a randa, na dawo, yana nan. Biro yana bayan kunnena, Gershon. Kullum yana nan. A tafin hannu ma da na rubuta, daƙiƙa goma. Ni da na haddace 678 da 676 da 691, lambobi huɗu na bayan sunanka ne suka gagare ni? Tun Lahadi nake matsa kaina. Akwai bakwai a ciki. Ko ɗaya ne. Ban so in riƙe ba, kaina kuwa ya yi mini biyayya.

Ka san abin da ka rubuta a kai? Mama. Shi ke nan. Mama. A ikilisiya mai Mama ɗari biyu, kamar ita kaɗai ce a duniya, kamar kai kaɗai ta haifa. Ba "Serah" ba, ba sunan gidanmu ba. Ba "Mama da Yafet" ba. Baƙi biyar ne fa sunana. Jude bai gaya maka wanda yake zama gaban kwamfutan ba? Ko ya faɗa, ka ce wane Yafet?

Kwana tara ina yi maka dako ban sani ba. Ina kashe fanka, ina roƙon Mama Fasto, ina shan zagi gaban masu tumatur — don kai ka shigo. Ka shigo da tankanka, a kira Mama ranan Lahadi, ta miƙe, coci ya ɗauki guɗa, a yanka kaza. Ni kuma in ninke takarda in miƙa. A madadin.

Kwamfuta ya tambaye ni ko na tabbata. Ba ruwan layi. Ba ruwan Leonard. Na tabbata ɗin.

Wataƙila sunana yana ciki. A ƙasa, bayan hoto. Wataƙila ka ce Yafet ya zo, ga ɗaki. Wataƙila ba ka da lafiya, shi ya sa ka tuna gida. Megabait huɗu, komai zai iya shiga…

kiiiii… shshsh… gwaram… gwaram…

Ya kama.

Ya kama fa. Ga hoton ƙananan kwamfuta biyun nan a lungun allo suna ƙifta ido. Saura in danna karɓa. Dannawa ɗaya, saƙon Leonard ɗan kofi ne, kafin in haɗiye yawu ya sauka. Ko adireshinka, ko "ba mu samu ba". In adireshin ne, yau Mama za ta zauna a kujeran nan ta faɗa in buga maka. Za ka amsa. Za ka ce ai na aiko tun sati uku, wa ya karɓa?

An fara yayyafi a kan kwano. Layin ba zai daɗe ba.

Inuwan Mama a bakin ƙofa. Ta cire firam daga leda, ta rungume shi a ƙirji, gilashin yana kallona, babu kowa a ciki sai ni.

"Yafet… ya kama?"

Hannun dama yana kan linzamin kwamfuta, daidai kan karɓa. Na hagu fa — yaushe ya zagaya bayan modem? Yatsa biyu a kan ɗan maƙallin waya, in na ja layi ya yanke. Mama Fasto tana cikin coci, ina jin muryanta a waƙa. Wuta yana nan. Babu kowa a layin nan sai ni…