Wilin Bayan Malam Nagoda

"Sake hawa in gani," in ji Istifanus, yana tsugune a ƙofar shagonsa na gyaran keke da sifana a hannu.

Malam Nagoda ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye sirdi. Keken nan ɗan gwanjo ne irin na 'yan tsere, siriri kamar tsinken tsire, ga kai a lanƙwashe ƙasa. Shi kuwa mai keken, tubarkalla, tela ba ya karɓar ɗinkinsa sai ya ga turmi guda. Yana taka feda wilin baya ya karkata, ya gogi birki ƙiii, ya dawo, ya sake gogawa. Bai kai wajen mai ƙosai ba aka ji tas, waya ɗaya ta wilin ta tsinke.

"Tari ya yi," in ji Malam Nagoda da ya dawo yana haki. "Bai saba da ni ba ne."

"Wane tari, Malam? Kuka yake yi. Wilin nan don yaro aka yi shi, wanda bai gama cin tuwo ba. Dubi wayoyinsa, 'yan kaɗan, sirara. Kana danna feda yake lanƙwashewa gefe. Kuma wa ya taɓa su?"

"Ni na ɗan ɗaure su da filaya, don ya yi ƙarfi."

Istifanus ya dafe kai. Ɗaurewa ba ta sa wili ƙarfi, sai dai ta murɗe shi, ya faɗa masa haka ya fi a ƙirga. Amma wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a firamare, ina zai zauna a koya masa? Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Tudun Wada tun kafin su fara furfura, kuma ba a taɓa wayewar gari ba su yi gardama ba. Ranar da ba su yi ba, ɗayansu ne ba shi da lafiya.

Abin da Malam Nagoda yake so a bayyane yake. Matar ɗansa Suhaibu ta haihu a Hanwa, namiji, jikansa na fari, kuma suna ranar Asabar. Ya rantse a kan keken nan zai je.

"Jikana ba zai fara ganina ana sauke ni daga mota kamar buhun masara ba."

"Jaririn da ko hancinsa bai gani?"

"Za a ba shi labari."

Da yamma, Malam yana masallaci, matarsa Hajiya Juwairiyya ta leƙo shagon, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Baban Keziya, don Allah kada ka gyara keken nan. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, tattaki kaɗan aka yarda ya yi. Ni ba ya jin tawa. Ka ce masa ba a samun kayan gyaran."

Istifanus ya ce to. Me zai ce wa matar da ta yi jinyar iyalinsa sau biyu? Ya rataye wilin a ƙusa, kuma tun daga ranar ya shiga ƙarya, shi da bai iya ta ba. Yau waya ta yi wuya a kasuwa, gobe mai kawowa ya tafi Kano. Abin ya dame shi ƙwarai. Mutum ne da in ya ga karkataccen wili, ko na keken wani ne yana wucewa a titi, sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi.

Ana jibi suna Malam Nagoda ya zo ya zauna a benci, bencin ya yi ƙara.

"Istifanus, ƙarya ba ta yi maka kyau. Na san Hajiya ta zo wajenka."

Istifanus ya ci gaba da goge sarƙar da ya riga ya goge.

"Abin da likita ya faɗa mata rabi ne, ragowar ni ya faɗa wa. Ko na hau keke ko na kwanta kan katifa, tafiyar ta matso. Ban ji tsoro ba, wallahi, na ci na sha, na samu jika. Abu ɗaya ya rage mani. Tun ina saurayi rabona da in ji iska tana bugun fuskata da ƙarfin ƙafata. Ita tsoro take ji, kuma tana da gaskiya. Kai kuma sai ka zaɓa."

Istifanus ya ji tausayi ya kama shi, ga haushi kuma, don an sa shi a tsakiya. Ya daɗe yana kallon wilin. Sannan ya miƙe ya sauko da shi.

Wuni guda ya yi a kai. Ya watsar da tsofaffin wayoyin, ya nemo bakin wili mai kauri da cibiya mai ramuka da yawa, ya saƙa sababbin wayoyi masu gwaɓi, kowace ta haye 'yan'uwanta kafin ta kai baki. Yana ɗaurewa kaɗan-kaɗan yana zagayawa, yana kaɗa kowace da farce ya kara kunne, har duk suka koma murya ɗaya. Daga nan ya kwantar da wilin a ƙasa ya danne shi da tafin hannu ta kowane gefe, ya sake saitawa. Malam Nagoda na gefe yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Ya yi nauyi fa."

"Wa ke maganar nauyi a nan?"

Ranar suna Hajiya ta riga ta kwana a Hanwa wajen girki. Da sassafe Malam Nagoda ya fito cikin babbar riga mai aiki, sabuwa dal, zai hau keken tsere da ita. Sai da Istifanus ya rantse zai kwance wilin kafin ya yarda ya tuɓe. Aka naɗe rigar aka ɗaure a bayan tsohon baƙin keken Istifanus, Malam kuma ya cusa ƙafar wando cikin safa.

"Sharaɗi ɗaya," in ji Istifanus. "In na ce tsaya, ka tsaya."

Suka fita. Mai shayi ya bar abin da yake zubawa ya bi su da ido, 'yan acaɓa suka dinga danna oda suna ɗaga hannu. Wilin bai ce uffan ba. A gangaren gadar Kubanni Malam Nagoda ya saki birki, hularsa ta tashi ta faɗa gefen titi, ko waiwayowa bai yi ba, sai dariya kawai kake ji tana tahowa daga gaba. Istifanus ya tsaya ya tsince ta, ya bi shi yana faɗa shi kaɗai. A hawan da ke gaba Istifanus ya ce tsaya, kuma abin mamaki, Malam ya tsaya. Suka zauna a inuwa har numfashinsa ya dawo, suka tura kekunan suka haye, suka sake hawa.

Ana shimfiɗa tabarmi suka isa. Suhaibu ya saki baki. Malam Nagoda ya sauka, ya sa babbar rigarsa a tsakiyar titi, ya shiga cikin mutane yana gaisawa kamar wanda ya dawo daga Makka. Jaririn ma sunan Malam aka sa masa. Da labari ya kai cikin gida Hajiya ta fito zaure, ta dubi keken, ta dubi Istifanus, ta koma ba ta ce komai ba. Gara ma da ta zage shi.

A mota aka mayar da Malam gida. Ya yi kwanaki yana ba duk wanda ya zauna kusa da shi labarin gadar Kubanni, kullum gudun yana ƙaruwa. Ranar Alhamis bayan azahar ya ci abinci, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Da aka je tashinsa sallar la'asar aka tarar ya cika.

Istifanus ya bi gawa har maƙabarta, ya zauna zaman makoki tare da maza, amma cikin gidan ya kasa shiga. Sai ranar sadakar uku matarsa ta ja shi. Hajiya Juwairiyya tana zaune a ƙofar ɗaki cikin mata, carbi a hannu. Ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa.

"Hajiya, ni na gyara. Kin roƙe ni, na ce to, kuma na gyara."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na ji haushinka, Baban Keziya, ba zan ɓoye ba. Amma kowa ya gan shi a kan keken nan ban da ni. Shi kuma ka san shi da ƙari, ya ce har tirela ya wuce. Kai ka faɗa mani gaskiya, yaya ya yi?"

Istifanus ya gyara zama ya fara tun daga babbar riga. Da ya kai wajen hula sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza, matan da ke kusa suka rasa ko kuka take ko dariya. Ba ta buɗe fuskar ba ta miƙa hannu ta turo masa kwanon gumba.

"Ci gaba," ta ce. "Daga gadar sai ina?"