Mutum Ɗari Shida na Yaya

Ni da Yaya muke kula da wani ɗan laburare, wato tarin kod da masu rubuta manhaja suke saukewa kyauta su buga rasit da shi. Shi ya fara shi, shi ya koya mini aikin, don haka ba na masa musu da sauƙi. Amma a kan tsohuwar sigar yaren kwamfutar da muka rubuta shi da ita, mun shekara uku muna kai ruwa rana.

Masu yaren da kansu sun daina kula da wannan sigar. Mu kuwa duk gyaran da na yi sai na yi shi sau biyu, ɗaya na zamani, ɗaya na kakannin kwamfuta. Asabar ɗina a nan take ƙarewa. Na gaji, wallahi na gaji, har na ce masa in ba mu yar da ita wannan shekarar ba, ya nemi wani abokin aiki.

Yaya yana da ƙa'ida: ba a yar da siga sai masu saukewa da ita sun gaza ɗari a wata. Kullum kuma alƙalumma suna nuna ɗari shida. Har siffanta su yake yi, wai masu ƙananan shaguna ne da tsofaffin injina, ba su da halin canzawa. In na yi magana sai ya gyara tabarau ya ce, "Auta, mutane ne fa, ba lamba ba."

Rannan fankar tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa ta mutu. Ita ce mai gwaji, wajen sau ashirin a rana take gwada laburaren da kanta. Kwana huɗu ta yi a wajen mai gyara.

Ƙarshen wata na buɗe alƙalumman kwana-kwana, abin da ba mu taɓa yi ba, jimilla kawai muke dubawa. Kowace rana ashirin, ashirin da ɗaya, har ranakun hutu. Sai kwana huɗu a tsakiya, babu ko ɗaya. Na duba tsarin gwajin. Ashe kafin ta gwada sai ta sauke laburaren daga intanet da tsohuwar sigar, kamar kowane baƙo. Yaya ne ya tsara ta haka da hannunsa, ya manta.

Na juya masa allon, ga dariya tana cina. Ya daɗe yana kallo. Ya ce a kashe ta wata guda a gani, ko akwai wani a ɓoye a cikinsu. Muka kashe. Kowace safiya kafin ya ajiye jaka sai ya duba, ni kuma na daina tsokanarsa tun mako na biyu, don tausayinsa ya kama ni.

Wata ya cika, babu kowa.

Na jawo kujera zan goge fayilolin tsohuwar sigar, layi dubu huɗu da ɗoriya, yawanci rubutunsa ne. Ya dafa kafaɗata ya ce in tashi. Ya zauna ya goge su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe kowanne yana karantawa tukuna. Da ya zo rubuta sanarwa, ya fara da ba masu tsohuwar siga haƙuri, ya kai layi biyu, sai ya tsaya.

"Wa nake ba haƙuri?" in ji shi.

Na ɗauki buta na fita ɗebo ruwan shayi.