Bizar Uwani a Leda

Sana'ata sa takardu a leda. Shagona yana bakin kasuwar Tarauni, da injin kwafi ɗaya da na lamineshin ɗaya, wanda ke gasa leda ta manne da takarda har abada. Sau uku na zauna jarrabawar shiga jami'a, sau uku tana kayar da ni. Ƙanwata Uwani kuwa sau ɗaya ta zauna ta wuce. Ni Inuwa, babban ɗa a gidan, sai na zama mai gasa wa wasu takardun nasararsu.

Shekara biyu da komawar soja bariki, Turawa suka fara sake buɗe ƙofa ga ɗalibanmu. Uwani tana aji uku a fannin injiniyan ruwa aka zaɓe ta ta je Jamus koyon aiki na wata uku a dogon hutu, a wata ma'aikatar tace ruwan sha. Mutum ɗaya suka ɗauka a duk jami'ar. Ranar da wasiƙar ta zo, gidanmu na Gyadi-Gyadi ya cika da mata 'yan barka, har da waɗanda shekaran jiya suke cewa bokon mace ɓata lokaci ne. Ni aka aika sayen lemo.

Babanmu, Malam Shehu, masinja ne da ya yi ritaya, kuma bai yarda da komai ba kamar takarda. Wata damina ruwa ya shiga ɗakinsa ya cinye takardunsa na aiki, ya sha wahalar duniya kafin ya samu fansho. Tun daga nan duk takardar da ta shigo gidan sai an sa mata leda. Takardar haihuwa, katin asibiti, har rasit ɗin rediyo. Unguwa ma haka take, a wurinmu takardar da ba ta ƙyalli ba ta cika takarda ba.

Uwani ta je Abuja sau biyu kafin ta samo biza. Da ta dawo Baba ya karɓi fasfon ya ce shi zai ajiye. Kullum bayan la'asar sai ya fita da shi majalisarsu ta ƙofar masallaci, tsofaffi suna karɓa hannu-hannu suna shafa hatimin Jamus.

"Wannan ita ce ta gaje ni," in ji shi. "Wani kuwa sai dai a ce Allah ya shirya."

Ina tsaye a bayansa da buta lokacin da ya faɗa. Suka yi dariya, ni ma na yi.

Ana saura kwana biyu tafiya, hadari ya haɗo da hantsi. Sai ga Baba a shagona da fasfon a cikin aljihun 'yar ciki. Ya buɗe shafin bizar ya ajiye a kan teburi.

"Inuwa, sa wa wannan leda. Ƙasarsu an ce ruwa ba ya ɗaukewa. Kar ta je ya jiƙe a hana ta dawowa."

Na san abin da leda ke yi wa biza. Duk mai wannan sana'a ya sani. Da zarar an rufe ta, ma'aikata ba za su iya dubawa ko buga hatimi ba, sai su ce an yi wa fasfon ha'inci. Kalma uku kawai zan faɗa, in ce ba a yi. Na dubi fuskarsa tana sheƙi da alfahari, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Na kunna inji. Na yanka ledar daidai shafin, na gyara gefe-gefenta, na tura. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba.

"Madalla. Ashe kai ma kana da amfani," in ji Baba.

Bai ba Uwani fasfon ba sai a filin jirgi, gaban motoci biyu na 'yan rakiya. Ta rungume Inna, ta ja akwatinta da aka cusa wa kilishi da yaji da rigar sanyi ta gwanjo, ta shige. Ba a yi minti arba'in ba ta fito da akwatin. Ba ta kuka. Ta miƙa wa Baba fasfon a buɗe.

"Baba, sun ce ya lalace. Wa ya sa masa wannan?"

"Ni na sa a yi," ya ce. "Don ruwa."

Ya shiga da kansa yana roƙo, ya cire hula ya durƙusa wa wani yaro da bai kai ni shekaru ba. Aka ce ya fita. Sabon fasfo da sabuwar biza sai an yi wata biyu, Jamusawa kuwa suka rubuto cewa ba za su jira ba, sun ba wa wani ɗalibi daga wata ƙasa gurbin.

Gyadi-Gyadi ba ta raga wa kowa. Yara suka sa wa Uwani suna 'Yar Jamus, in ta wuce su ce ta ba su tsaraba. A majalisa aka koma kiran Baba Malam Leda. Ya daina fita, sallah ma sai a ɗaki. Kilishin mu muka cinye a gida. Ni kuwa ba wanda ya zarge ni, ai umarnin uba na bi. Uwani ma tausayina take ji.

"Yaya, kar ka sa wa ranka damuwa, kai ma ba ka sani ba," ta ce.

Zaman gida ya ishe ta, sai ta fara biyo ni shago tana taya ni kwafi. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Injiniyar Jamus tana jera mini takardu, ina ce mata ta yi sauri.

Wata Talata sai ga Maman Chike, mai shagon magani a Unguwa Uku, da takardar kammala sakandaren ɗanta. Tsohuwar kwastomata ce. Ta ga Uwani, ta yi mata jaje sosai, don labarin ya kai ko'ina.

"Kai, abin ya ba ni haushi," ta ce. "Wane jahili ne ya yi wannan aiki? Me ya sa babanku bai kawo wa Inuwa ba? Bara na kawo masa fasfon maigidana don ya sa leda, ya ƙi sam. Ya ce leda tana kashe biza, ko nawa zan ba shi ba zai yi ba. Yaron nan ya san aikinsa."

Injin kwafi yana ta fitar da takardu. Uwani ta sa hannu ta kashe shi. Ta dube ni, na dubi ledar da ke hannuna.

"Bara, Maman Chike?"

"Bara, kafin Kirsimeti."

Uwani ta gyara mayafinta ta ɗauki jakarta. Na ɗauka za ta zage ni, na ma shirya amsa. Sai ta tsaya a bakin ƙofa ta yi magana a hankali.

"Yau kwana arba'in Baba bai je masallaci ba, Yaya. Kullum da safe sai ya ce in yafe masa."

Ta fita. Maman Chike ta turo mini takardar ɗanta ta ce in yi mata mai kauri.